Fita yawon yini guda da mota daga Agadas cikin hunturu: ina ya kamata mu nufa?

Abban_Walid:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Abzin. In Allah ya kai mu ƙarshen Disamba za mu taso daga Kano zuwa Agadas ɗaurin auren ƙanwar maiɗakina. Bayan an watse biki muna da yini guda babu hidima, kuma yayan matar tawa ya ce zai ba mu Hilux ɗinsa. Tun ina yaro nake jin labarin sahara, ban taɓa ganinta da idona ba. So nake mu fita da sassafe, ni da iyali da yara biyu, mu ga rairayi da raƙuma, mu dawo mu kwana cikin gari. Tunda lokacin sanyi ne, ba zafi ba ruwan sama, ina ganin abin ba zai yi wuya ba. An ambata min Timiya, an ambata min Ingal, wani kuma ya ce akwai inda aka zana raƙumin dawa a jikin dutse. Wanne zai yiwu a yini ɗaya?

Ɗan_Telwa:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kawo ku lafiya, ya sanya alheri a auren. Timiya dai ka cire ta daga lissafi tun yanzu. Nisanta daga Agadas ya haura kilomita 200, kuma ba kwalta ba ce, duwatsu ne da kwaruruka, mota mai ƙarfi ma sai ta cinye mafi yawan yini kafin ta isa. Wurin zuwa ne a kwana biyu ko uku. Lemunta kuwa ba za ka rasa ba, lokacin da za ku zo ya nuna, za ka tarar da shi tuli a kasuwa cikin gari.

Magana ta biyu, don kada ka zo da wani hoto a kai ka koma da takaici. Manyan tuddan rairayin da ake nunawa a talabijin suna can cikin Tenere, gabas da duwatsun Abzin. Tafiyar kwanaki ce, da motoci biyu aƙalla da ɗan jagora. Abin da ke kewaye da Agadas fako ne da tsakuwa da baƙin dutse da itatuwan ƙaya, sai ƙorama mai goriba nan da can. Ni a idona babu ƙasar da ta fi ta kyau, amma ba irin kyan da ka zo nema ba ne. A yini ɗaya zaɓinka uku ne: Ingal, ko Dabus wajen zanen raƙumin dawan nan, ko ka tsaya kusa ka bi ƙoramar Telwa ta Azel zuwa Dabaga ka ga garake.

Maman_Hanifa:
Ni tun da na karanta "yara biyu" gabana ya faɗi. Abban Walid, ba ka jin labarai ne? A 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas ɗin kansa, ɗaya a watan Janairu ɗaya a Afrilu. In cikin gari ke nan, ina ga daji? Ku yi bikinku, ku ga masallaci da fadar Sarki, ku dawo gida lafiya. Sahara ba ta gudu.

Ɗan_Telwa:
Hajiya, abin da kika faɗa ya faru, ba mai ɓoye shi, kuma ya yi mana ciwo mu 'yan gari. Amma kowace safiya motoci na fita Agadas zuwa Tawa, zuwa Arlit, zuwa Ingal, cike da mata da yara da 'yan kasuwa. Rayuwa ba ta tsaya ba. Abin da ni zan fi jin tsoro a tafiyar Malam shi ne motar. Tun da aka samu zinari a Jado cikin 2014 'yan fashi suka yawaita, kuma irin wannan Hilux ɗin ita ce abin da suka fi kwaɗayi. Baƙo shi kaɗai a cikinta, bai san hanya ba, bai jin Tamashek, harshen Buzaye, wannan ban yarda da shi ba. Ko dai mai motar ya shiga da kansa, ko ya ba ku direban da aka sani a hanyar. Da ɗan gari akan ci gari. Kuma ranar jajibiri a je tasha a tambayi direbobin da suka shigo ranar, su ne ke da labarin hanya na gaskiya, ba mu da ke rubutu yanzu ba.

Sadiq_Gwammaja:
Ka riƙe takardunku duka a jiki, har na yaran. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, kuma kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto kusa da su. Wannan ka ja wa yaran kunne tun daga gida.

Direban_Adar:
Salamu alaikum. Ni hanyar Tawa zuwa Agadas nike ci da ita, don haka bari in yi magana bisa Ingal. In nine kai, can zan nufa, kuma ga dalili. Ingal na yamma da Agadas. Da safe kana tafiya rana na bayanka, da la'asar kana dawowa rana ta sake komawa bayanka. Wanda bai tuƙi cikin ɗari ba ba zai san girman wannan ba. Rana ba ta hawa sama sosai lokacin nan, in ta haɗu da ƙura bisa gilashi kana fuskantarta, wallahi rami shina gabanka ba ka ganin shi sai ka faɗa.

Abin da mutane ke mantawa kuma, yinin ɗari gajere ne. Rana na fitowa wajen ƙarfe 7, ƙarfe 6 da 'yan mintoci ta faɗi. Ka tashi bayan asuba da gari ya fara haske, ka sa a ranka ƙarfe 2 ka juyo ko me kake kallo. Ba don nisa ba, don abin da ka iya faruwa. Taya ta fashe, awa guda ta tafi. Wata mota ta lalace bisa hanya, ba ka wucewa ka bar mutane, wannan ba al'adarmu ba ce, wata awar ta tafi. In magariba ta riske ka waje, raƙuma da jakuna na hawa kwalta, manyan motoci wata fitila ɗaya gare ta, ga rairayi da iska ke turowa bisa titi ya yi tudu. Akwai ranar da munka iske wata ƙaramar mota ta hau irin tudun nan da gudu cikin duhu, ta juya ta koma daji. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma sun kwana nan cikin sanyi babu bargo ko ɗaya.

Sannan iskar ɗari daga arewa maso gabas take busowa. Zuwa tana tura ka, dawowa kana faɗa da ita, mota ta fi shan mai. Kada ka yi lissafin man dawowa da na zuwa.

Abban_Walid:
Na gode ƙwarai Malam direba, wannan maganar rana ban taɓa kawo ta a raina ba. Kilomita nawa ne zuwa Ingal ɗin?

Sadiq_Gwammaja:
Wajen 120 na gani a taswira.

Direban_Adar:
Wannan ta tsohuwar hanya ce, ta ƙasa, wadda ke miƙewa yamma kai tsaye. In kwalta za ka bi, sai ka kama hanyar Tawa tukuna, sannan ka ratse dama, wajen kilomita 160 ke nan. Lokacin da anka yi titin yuraniyom daga Tawa zuwa Arlit ba a bi da shi ta cikin Ingal ba, reshe anka yi mata. Da iyali kwaltar za ka bi, ko da ramukanta. Ka ba kanka awa 3 zuwa, awa 3 dawowa.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Tunda an zo maganar mota bari in sa baki. Hilux ɗin dizal ce ko fetur? In dizal ce kuma ta kwana biyu a duniya, a duba batir da hitar tayar da inji kafin ranar, don sanyin asuba shi ke tona asirin batirin da ya gaji. Filtar iska a cire a kakkaɓe, in da hali a sa sabuwa, ƙurar hunturu tana toshe ta mota ta riƙa nishi tana shan mai a banza. Safaya biyu ta fi ɗaya, kuma a taɓa ta a ji da iska a ciki, ba a hango ta a ƙarƙashin mota a ce ai akwai ba. Jak, da guntun katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai, don a yashi jak nutsewa yake yi. Fambel na ajiya, shebur, igiya mai ƙarfi, famfon iska.

In kun sauka daga kwalta kun shiga yashi mai laushi, a rage iskar taya. Wadda ke kan 35 a ma'aunin iska a sauke ta zuwa 20 ko ƙasa kaɗan, a sa giyar taimako tun kafin a shiga, a tafi da gudu ɗaya ba tare da taka burki ko murɗa sitiyari da ƙarfi ba. In ta kafe, direba ya ɗaga ƙafarsa nan take. Ƙara mata wuta rami kawai take haƙa wa kanta. A tone gaban tayoyin, a shimfiɗa rassa ko tabarmar mota, a fita a hankali. Amma da an fito kan dutse ko kwalta a mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar zai yage. Wanda ba shi da famfo kada ma ya fara rage iska.

Ɗan_Telwa:
Bakanike ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: a cika tanki a gidan mai cikin Agadas tun jajibiri, a ɗauki jarka ɗaya ta ajiya. Ƙarancin mai kan faɗo ba sallama. In dole ta sa an sayi na kwalba a hanya, a tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Nas_Rakiya:
Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne da Abban Walid ya ce "ba zafi". Nan ne hunturu ke yaudarar mutane. Da bazara ƙishirwa ke tuna maka ka sha ruwa. Da hunturu iska a bushe take ƙarau, tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi da fata, gumi ba ya ma tsayawa ka gan shi, kai kuma ba ka jin ƙishi saboda sanyi. Yara ba za su nema ba, sai dai ka ga sun yi laushi, suna kukan ciwon kai, fitsari ya yi ja ya ragu. A riƙa ba su ruwa kowace awa ko sun ce ba sa so. Ku ɗauki kamar lita 5 ga kowane mutum, da wata jarka mai lita 20 da ba za a taɓa ba sai an shiga matsala, ban da ruwan lagireto. Ku sa 'yan ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a jaka.

Sutura kuma a yi ta hawa-hawa. Da asuba cikin gari sanyin kan sauka wajen digiri 11 ko 12, a fili da iska ya fi haka cizo, amma da azahar ya kai 27 ko 28. Yaron da aka naɗe da rigar sanyi uku da safe, in ba a rage masa ba da rana zai jigata. Man kaɗe a leɓe da cikin hanci saboda haɓo. In akwai mai asma a cikinku, abin shaƙarsa ya zauna a aljihu, ba a bayan mota ba.

Kuma don Allah, komai sanyi, kada a shigar da kaskon gawayi cikin mota a rufe gilashi. Hayaƙinsa ba ya wari, barci kawai yake sa mutum. Mun karɓi irin waɗannan a asibiti daga ɗakuna ma, balle mota.

Maman_Hanifa:
To kun ji ko. Shebur, igiya, jarka, 'yan fashi. Wannan yawon buɗe ido ne ko shirin yaƙi? Ni dai har yanzu ina kan bakana. In lallai sai an fita, a yi Dabagan nan da Ɗan Telwa ya ce tana kusa.

Ɗan_Telwa:
Dabaga ba abin rainawa ba ce Hajiya. Wajen kilomita 45 ce, kana bin ƙorama, ga goriba da dabino, ga garake shar da albasa da tumatir da dankalin Turawa da alkama, don ɗari shi ne lokacin nomansu. A wasu garaken har yau raƙumi ke jawo guga daga rijiya, ya tafi ya dawo, ruwa na zuba cikin kwalbati. Yara za su fi son wannan da komai. A shimfiɗa tabarma a inuwa, a dafa shayi, a dawo kafin la'asar. Wanda ke da ciwon gaɓoɓi kuma akwai ruwan zafi na Tafadek da mutane ke zuwa wanka, amma ita ta fi nisa.

Ɗalibin_Tarihi:
Ku yi haƙuri, ni ba zan iya yin shiru a bar Dabus ta wuce haka ba. Abban Walid, in ka je Agadas ka dawo ba ka ga wannan zanen ba, ka bar abin da babu irinsa. Raƙuman dawa biyu ne aka sassaƙa a kan faffaɗan dutse, babban ya haura mita 5, kusan girmansa na gaske. Ba zane ne na gaggawa ba, kowane tabo na jikinsa an fitar da shi, an goge, har jijiyar ƙafa. Daga bakin kowanne akwai wani layi da ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin mutum, masana har yau suna muhawara ko igiya ce ko wata alama ta daban. Ana ƙiyasta shekarunsa tsakanin 6,000 da 8,000, lokacin da babu ƙarfe, da dutse aka sassaƙa dutse. A duwatsun da ke gefe akwai ɗaruruwan ƙananan zane, shanu da jiminu da gada.

Ka tsaya a wurin ka duba kewaye, babu ruwa babu ciyawar kirki, sannan ka tuna wanda ya yi aikin nan yana ganin dabbar da idonsa ne. Ƙasar a lokacin kore ce, da tafkuna. Yau in kana son ganin raƙumin dawa mai rai a Nijar sai ka gangara Kure kusa da Yamai, ko Gadabeji inda aka mayar da wasu a 2018. Wurin yana wajen rabin hanyar Arlit, 'yan kilomitoci daga titi. Kuma hasken safiyar hunturu da ke zuwa a karkace shi ke fitar da zanen sosai, da rana tsaka dishi-dishi yake.

Direban_Adar:
Ɗalibi, ka faɗi kyan wurin, ba ka faɗi halin hanyar ba. Titin Agadas zuwa Arlit kilomita 240 ne, amma wurare da yawa kwaltar ta mutu, direbobi gefe suke bi cikin ƙura da gargada. Rabin nan da kake cewa sai ya ci maka lokacin da ya fi na Ingal. Ka so ka isa da hasken safe, sai ka fita cikin duhu, shi kuma ba a so. Kuma arewa ba inda baƙo ke sauka daga sawun motoci ba ne. Lokacin tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a yankin Abzin, shi ya sa har yau direban kirki sawun na gaba yake bi.

Ɗalibin_Tarihi:
Ban musa ba Baba. Amma akwai masu gadin wurin 'yan yankin, kuma mutane na zuwa. In surukin nasa ya san hanyar, ni ina ganin ta cancanci wahalar. In kuma ba ta yiwu ba, akwai kwafinsa na ƙarfe a filin jirgin saman Agadas, a kai yaran su gani.

Ingal ɗin ma ba a bar ta a baya ba wajen tsohon tarihi. A yankinta ne ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago suka tono ƙasusuwan Jobaria a 1997, wata dabbar zamanin da mai tsawon wajen mita 18. Duk gindin dutsen Tigidit, dogon gangaren nan da hanya ke ratsawa kudu da Agadas, cike yake da ƙasusuwa da kututturan itace da suka zama dutse.

Sadiq_Gwammaja:
Itace ya zama dutse? Ana iya ɗauko guntu a kawo gida?

Ɗalibin_Tarihi:
Ana ganinsa da zanen ɓawonsa da komai, amma in ka ɗaga nauyin dutse ne. Kada a ɗauka. Doka ta hana fitar da irin waɗannan kayan, kuma ko ba doka, kowa ya zo ya ɗauki guntu me za a bar wa na baya?

Bagobiri_na_Tibiri:
Tunda an ambaci Tigidit, kada a manta Marandet tana gindinsa. Kakanninmu sun ce daga Abzin Gobirawa suka gangaro kudu, kuma ana danganta Marandet da zamansu. An tono dubban 'yan tukwanen narka tagulla a wurin. Duk Bahaushen da ya je Agadas ba baƙo ba ne, gida ya koma. Ka ji Hausar da ake yi cikin garin ma.

'Yar_Ingal:
Sannunku. Ni haifaffiyar Ingal ce, aure ya kai ni Maraɗi. Na ji daɗi da garinmu ya shiga zance, amma bari in faɗa wa Abban Walid abin da zai tarar don kada a yi masa alkawarin da ba a cika ba. Hotunan da ake gani na raƙuma ɗaruruwa da Fulani Wodaɓe suna rawa, na bikin shan gishiri ne, wajen watan Satumba ake yi, ƙarshen damina. Disamba garin shiru yake, makiyaya sun watse. Dabinonmu almadina mai laushi shi ma ba lokacinsa ba ne, busasshe za ka samu. Abin da za ka gani shi ne gari na ƙasa mai lunguna, da gonakin dabino a bakin ƙorama, da kasuwa inda Buzaye da Fulani da Larabawa da Hausawa ke ciniki, ka ji mutanenmu na yin Tasawak, harshen da ba za ka ji a wani wuri ba sai nan da Tigidda. Ka sayi cuku, matarka ta ga aikin fata da azurfa.

Hanya kuma ita ce rabin kallon. Fili ne iya ganinka, laka da ta bushe ta tsage, can sai ka hango ruwa na walƙiya a gaba, yara su yi ta ihu, ashe kawalwalniya ce. In da rabo za ku gamu da ayari, don wannan ne lokacin da waɗanda suka dawo daga Bilma ke gangarawa kudu da kantun gishiri da dabino su sayo gero.

Tigidda-n-Tesum mai gishiri kuwa, wajen kilomita 80 ce arewa da mu, ba kwalta. Kai Bakano, in ka gan ta sai ka tuna karofin Ƙofar Mata: ɗaruruwan ramuka zagaye, wannan ja, wannan ruwan ƙasa, wannan fari, ana shanya ruwan gishiri a ciki. Amma kada wani ya zuga ka ka haɗa ta da Ingal rana ɗaya da yara a mota. Sai dai ku kwana a garinmu, kuma ba za a rasa mai sauke ku ba.

Abban_Walid:
Allah ya saka da alheri Yaya. Wallahi bayaninki ya sa na ƙara son Ingal ɗin, ita kuma uwar yaran da na karanta mata ta ce Dabaga take so. Wata tambaya ga malamai: a irin wannan fitar ta yini ɗaya akwai kasaru?

Malam_Na_Zaure:
A mazhabar Malikiyya nisan kasaru baridi 4 ne, mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, kuma zuwa kawai ake lissafawa, ba a haɗa shi da dawowa. Ingal da Dabus duk sun kai, Dabaga ba ta kai ba. Ba sharaɗi ba ne sai an kwana. Za ka fara ne bayan ka wuce gidajen gari da lambunansa. In ka bi limamin gari a Ingal sai ka cika tare da shi. Ka duba kuma zamanka na Agadas: in ka yi niyyar kwana 4 cikakku ko fiye, to a can mazauni kake, da ka dawo gari ka koma cikawa. Game da ruwa, in abin da ya rage na sha ne ana tsoron ƙishirwa, a yi taimama, rai yana gaba. Amma da jarkar da Malama Rakiya ta ce a ɗauka ba za a kai ga haka ba in sha Allahu. Allah shi ne mafi sani.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Na manta abu ɗaya. Waya ba ta kamawa a wurare da yawa da an yi nisa da gari. A bar wa wani a gida labarin hanyar da aka bi da lokacin dawowa, a ce masa in ƙarfe kaza ta yi bai ji ku ba ya taso. In mota ta lalace kowa ya zauna wurinta. Mota ake hangowa daga nesa, ba mutum mai tafiya a ƙasa ba.

Direban_Adar:
Haka ne. Kuma duk shirin nan hazo ne ke da magana ta ƙarshe. Akwai ranakun da ƙurar da ke tasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi ke rufe gari, jirgi ma ba ya sauka. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, in kun tashi da safe ba ku hango ta daga unguwarku kamar kullum ba, a ajiye makulli. Ba abin da za ku gani a hanya sai toka, yara su dawo da tari.

Ɗalibin_Tarihi:
In haka ta faru ma ba a yi asara ba, tsohon garin kansa yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 2013, yini ɗaya ba ya isa a zagaye shi. Amma in gari ya waye garau, Abban Walid, ka sake tambayar surukinka batun Dabus kafin ka yanke. Garake akwai irinsu a Kadawa, raƙumin dawan dutse babu.

Maman_Hanifa:
Ɗalibi, kai ba ka da yara a motar shi ya sa. Uwarsu ta ce Dabaga, a bi maganarta. Maza in suna son Dabus su koma wata rana su kaɗai.

Ɗan_Telwa:
Malam, wace rana ce ma yinin naku ya faɗa? In Juma'a ce lissafin ya canja, don ba za ka so ka rasa sallar Juma'a a babban masallaci ba, Dabaga kaɗai za ta ba ka damar fita da sassafe ka dawo a kan lokaci, ita ma sai an yi sauri. In wata rana ce, ka gaya mana ko mai motar zai shiga da kansa, sannan mu san wadda za mu ce maka tsakanin sauran biyun.